Me ake nufi da "ya yi zuciya"?

Kalmar zuciya fuska biyu gare ta a bakin Bahaushe. In aka ce wane yana da zuciya, yabo ne: ba ya roƙo, ba ya zaman jiran a ba shi. Wanda ya rasa wannan hali shi ake cewa zuciyarsa ta mutu. Amma in aka ce "ya yi zuciya", magana ta sake. Ana nufin an ɓata masa rai, sai ya ƙi karɓar rabonsa, ko ya watsar da abin da ke amfanarsa, don a san ya ji haushi.

Tun muna yara muke koyonta. A yi wa yaro faɗa a kan tuwon dare, sai ya ture kwano ya koma gefe ya haɗe rai. Uwa ta ce, "Zo ka ci mana, ɗan albarka." Ya ƙi. 'Yan'uwa su cinye har su suɗe kwano, shi ya kwana da yunwa. Wanda ya yi masa faɗan kuwa ya ƙoshi ya yi barcinsa.

Nan ta bambanta da fushi. Mai fushi yakan furzar da abin da ke ransa, a yi cacar baki, a huce. Mai zuciya haɗiyewa yake, kuma asarar a kansa take ƙarewa.

Akwai ƙanen wani abokina a unguwar Zango, nan Damagaram. Kawunsa ya saya masa babur yana kabu-kabu. Wata rana kuɗin da yake kawowa bai cika ba, sai kawun ya tarar da shi a fada, wato majalisar samari, ana shan shayi, ya yi masa tatas gaban abokansa. Faɗan ya yi zafi, ban musa ba, kuma bai kamata a yi shi cikin mutane ba. Yaron ya ajiye makulli kusa da butar shayi ya ce, "Kawu, ga kayanka." Kawun ya ce, "Ɗauki abinka, ni ban ce ka bari ba." Ko waiwaye bai yi ba. Yau wata 8 ke nan ba shi da sana'a, kuma in ka zauna da shi, maganarsa ɗaya ce: dangi ba sa ƙaunarsa, ba mai taimakonsa. Abin da ya fi ba ni tausayi, har ransa ya yarda da hakan.

Zuciya in ta daɗe takan rikiɗe ta zama gaba, a daina ko sallama. Musulunci ya sa mata iyaka. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba, kuma mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. Muslim ya ruwaito cewa Litinin da Alhamis ana gafarta wa bayi, ban da masu gaba, sai a ce a jinkirta musu har su shirya. Ni dai duk ranar Alhamis, in Kasuwar Dole ta cika, nakan tuna da wannan, don na san wa da ƙane masu rumfa dab da juna da suka shekara ba su gaisa ba saboda gadon gida.

Yaji ma irin zuciyar ce, sai dai shi al'ada ta yi masa hanyar dawowa. Mace ta tafi gidansu, miji ya tura manya biko, a saurari kukanta, ta koma ɗakinta da mutuncinta. Namiji in ya yi zuciya ba mai zuwa bikonsa. Cewa ake, "Ku ƙyale shi, yunwa za ta koro shi." Shi kuma jin haka sai ya ƙara taurare.

Da wani babba ya bi yaron nan da makullin tun daren farko, na tabbata da ya karɓa. Yanzu kawun ya ce shi ne babba, yaro ya zo ya same shi. Yaron ya ce gaban mutane aka ci masa fuska. Babur ɗin yana nan a zaure, ƙura ta rufe shi, tayar baya ta sace.