Waiwaye: Yadda Ma'ajiyar Intanet ta Jami'o'i ta Koma Ana Awonta

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, ƙanwata da ke digiri na biyu a wata jami'a a nan Kumasi ta shigo gida a Aboabo bayan magariba, ta miƙo mini wayarta tun ba ta zauna ba. Saƙo ne daga ofishin fasahar sadarwa na makarantarsu, ana sanar da ita cewa abin da ta ajiye a asusunta na ɗaliba ya zarce kason da aka yanka mata, kuma an ba ta wa'adin ta rage. "Yaya, hirarrakina duka suna ciki," abin da ta iya faɗa ke nan. Hirarraki ne da ta shafe shekara ɗaya da rabi tana naɗa da dattawan zango a kan tarihin fataucin goro, kuma biyu daga cikin dattawan Allah ya yi musu rasuwa. Ba ta da kwafinsu a ko'ina, domin tun ranar da ta shiga makarantar ba wanda ya taɓa ce mata wurin yana cika.

Irin wannan saƙo ya isa ga ɗalibai da malamai a ƙasashe da dama cikin 'yan shekarun nan, kuma asalinsa yana komawa baya shekara ashirin. A 2004 kamfanin Google ya fito da Gmail da gigabait 1 kyauta, a zamanin da sauran masu imel ke ba mutum 'yan megabait. A 2006 ya buɗe wa makarantu tsarinsa na musamman ba tare da karɓar ko sisi ba, Microsoft ma yana da nasa. Ga jami'ar da ke fama da sayen manyan kwamfutocin ajiya, da sanyaya ɗakinsu, da biyan masu kula da su, tayin ya zo kamar ruwan sama a ƙarshen rani. Mu a Gana muna da ƙarin dalili, domin duk wanda ya ga shekarun dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, musamman 2015, ya san abin da ake nufi da riƙe na'ura a kunne dare da rana da man janareta. Saboda haka jami'o'i da yawa suka kwashe imel da fayilolinsu suka damƙa wa kamfanonin, kuma ban ga laifinsu ba a lokacin.

Shekarar 2014 ce ta canza ɗabi'ar mutane. A cikinta Google ya sanar da cewa asusun makarantu ba shi da iyakar ajiya, har fayil guda yana iya kai terabait 5, wato gigabait 5,000. A watan Oktoba na shekarar Microsoft ya yi wa masu biyan kuɗin Office 365 alkawari makamancin haka a ma'ajiyarsa ta OneDrive, amma bai cika shekara ɗaya da wata ɗaya ba ya janye, a Nuwamban 2015, yana cewa wasu ƙalilan sun tara sama da terabait 75 kowannensu. Wannan janyewa ya isa ya zama gargaɗi ga jami'o'i, sai dai ba a saurara ba. Tun da wuri ba ya cika, sai aka daina tankaɗe. Malami ya zuba hotunan bikin ɗansa tare da bayanan bincikensa, sashe ya bar asusun ɗaliban da suka gama tun shekaru biyar a buɗe, ana ma alfahari da cewa adireshin imel na jami'a na mutum ne har abada. Ofisoshin da a da suke da rajistar abin da za a adana da abin da za a ƙona bayan shekaru kaza, suka bar wannan aiki ya mutu, domin babu abin da ke tilasta shi.

Sai korona ta zo. A ranar 16 ga Maris, 2020 aka rufe makarantun Gana bisa umarnin Shugaba Akufo-Addo, lakca ta koma ta bidiyo, kuma kowace lakcar da aka naɗa tana sauka ne a ma'ajiyar malamin da ya shirya ta. Bidiyon awa ɗaya yana cin ɗaruruwan megabait, a ninka wannan da yawan kwasa-kwasan jami'a guda a zango guda. A daidai lokacin ne kuma rukunin farko na ɗaliban sakandare kyauta, shirin da aka fara a Satumban 2017, suka kammala suka nufo jami'o'i. Masu ajiya suka ƙaru, abin ajiyewa ya yi nauyi, duk a shekara ɗaya.

A Fabrairun 2021 Google ya sanar da ƙarshen ajiya marar iyaka. Daga Yulin 2022, kowace makaranta za ta samu terabait 100 a dunƙule, ta raba wa mutanenta yadda ta ga dama, da ɗan ƙari ga manyan makarantun da suka haura mutum 20,000, da kuma ƙari ga wanda ya sayi lasisin kuɗi. A 2023 Microsoft ya bi sahu da adadi iri ɗaya, terabait 100 ga OneDrive da SharePoint da Exchange, wato wuraren ajiyar fayil da imel, gaba ɗaya, da ƙarin gigabait 50 ko 100 a kan kowane lasisin kuɗi gwargwadon matakinsa, ya kuma taƙaita masu asusun kyauta a kan gigabait 100 daga Fabrairun 2024. Terabait 100 yana da girma a kunne, amma lissafinsa gajere ne. Gigabait 100,000 ke nan, kuma idan aka raba shi daidai wa daida a jami'a mai mutum 50,000, kowa zai tashi da gigabait 2, alhali asusun Gmail na kowa da kowa yana da 15 kyauta. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da Jami'ar Gana da ke Legon duk ɗalibansu ana ƙirga su ne da dubbai gomomi, don haka wannan lissafi namu ne, ba labarin Amurka kaɗai ba.

Mai karatu zai ce a sayi ƙari mana. A nan ne bambancinmu da jami'o'in Turai ya fito, domin farashin ajiya da dala ake yanka shi, kuɗin makaranta kuwa da sidi ake karɓa. Shekarar da wa'adin Google ya cika, 2022, ita ce shekarar da dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkonta ta haura sidi 13 kafin ƙarshenta, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Jami'ar da ke neman kuɗin wuta da na alawus ba za ta sa ajiyar fayil a gaba ba. Abin da ya rage mata shi ne ta yanka kaso, ta aika saƙo.

Yana da kyau a fahimci yadda awon yake aiki, domin a nan mutane ke yin asara ba tare da sun sani ba. Imel da abin da aka maƙala masa yana cikin lissafi. Abin da aka goge ma yana ci gaba da cin wuri muddin yana kwandon shara, inda yake zama kwana 30 a Google Drive, kwana 93 a OneDrive na makarantu. Wanda ya zarce kasonsa galibi yana iya buɗe abin da ya ajiye, amma ba ya iya ƙara sabo. Mafi haɗari shi ne batun mallaka. Fayil ɗin da ɗalibi ya ƙirƙira a asusunsa ya raba wa malaminsa da abokan bincikensa, nasa ne a idon na'ura, ko da mutum ashirin ke aiki a kansa. Ranar da aka share asusun ɗalibin don a samu wuri, fayil ɗin yana tafiya tare da shi, sai dai in an mayar da mallakarsa ga wani, ko an riga an kai shi ma'ajiyar haɗin gwiwa wadda ke ƙarƙashin sunan sashe. Malamai nawa ne suka san wannan kafin su neme abu su rasa?

A ganina kamfanonin sun yi abin da ɗan kasuwa ke yi, sun ba da ɗanɗano har aka saba, sannan suka fito da mudu. Ba na wanke su, amma wanda ya ari riga ba ya mamakin ranar da mai ita ya aiko. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raba ƙuncin a cikin gida. Yanka wa kowane ɗalibi kaso ɗaya yana kama da adalci, alhali ba shi ba ne, domin ɗalibin lissafi da ke rubutu kawai ba ɗaya yake da mai naɗar murya ko mai ɗaukar hoton ƙwayoyin cuta ba. Kuma wanda ke da kwamfutar kansa da faifan ajiya a ɗaki, saƙon bai wuce ɓacin rai na yini ɗaya a gare shi ba. Yaranmu na Asawase da Ayigya Zango da Sabon Zango, da yawansu da waya suke karatu, su ari kwamfutar aboki ranar buga aiki, kuma asusun makaranta shi ne akwatinsu guda ɗaya. A ce musu su sauke gigabait arba'in cikin mako biyu, an ce musu ne su sayi data da faifai da kuɗin da ba su da shi.

Kuskuren asali, tun 2014, shi ne haɗa teburin aiki da taskar tarihi a wuri ɗaya. Drive da OneDrive an yi su ne don aikin da ake kan yi, a rubuta tare, a gyara, a miƙa. Abin da ya kamata ya rayu bayan mai shi ya bar makaranta yana buƙatar gida dabam, wanda jami'a ce ke riƙe da mabuɗinsa. Harsashin yana nan. Legon tana da UGSpace, jami'ar Kwame Nkrumah tana da KNUSTSpace, inda ake adana kundayen digiri, sai dai kundi shi ne ƙarshen aiki, muryoyi da hotuna da alƙaluman da aka gina shi a kansu ba kasafai suke samun masauki ba. Akwai kuma GARNET mai haɗa jami'o'in Gana, da WACREN ta yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya wadda ofishinta ke Akra, kuma ta irin waɗannan hanyoyi ne jami'o'i za su iya haɗa kai su gina ma'ajiya ɗaya maimakon kowace ta yi ciniki ita kaɗai. Ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, mun kwana muna kallon wayoyinmu, kuma duk wanda aikinsa ke ajiye a ƙetare ya ga tazarar da ke tsakaninsa da shi. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, wadda ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu, wato tsarin abin da za a goge da lokacin gogewa wajibi ne a kan jami'a tun kafin wani kamfani ya matsa mata.

Ita dai ƙanwata, washegari muka sauka Adum muka sayo faifan ajiya na terabait 1, muka ari kwamfutar wani maƙwabcinmu. Da datar tsakar dare muka yi aikin, saboda ta fi araha, kuma ya ɗauke mu dare uku, sau biyu saukarwar tana katsewa muna sakewa daga farko. Ta zauna a tabarma da littafi a cinya, tana buɗe kowace hira ta saurari farkonta da ƙarshenta kafin ta sa alama a gaban sunan mai ita. Da aka zo kan muryar ɗaya daga cikin dattawan da suka rasu, mahaifiyarmu da ta fito alwalar asuba ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu har ya gama ba da labarin ayarin da ya kawo kakansa daga Salaga. Yanzu kwafi ɗaya yana cikin akwatin mahaifiyar tamu, ɗaya yana wurin malamin da ke duba aikinta, wanda ya yi alkawarin zai tambayi ɗakin karatu na jami'ar ko suna da inda za su karɓa.