Wa ake fara dubawa a sashen gaggawa? Fashin baƙi kan ƙa'idar tantance tsofaffi marasa lafiya

Duk wanda ya kai mahaifinsa ko kakarsa sashen gaggawa a Yamai, ko a Babban Asibitin Ƙasa ne ko a na Lamorde, zai iya ganin an shigar da wani matashi da ya iso daga baya alhali dattijon yana zaune yana jira. Abin yana sosa rai, domin mun tashi da tarbiyyar cewa babba ake fara ba wurin zama, shi ake fara miƙa wa ruwa. Sai dai sashen gaggawa yana da tasa ƙa'idar, wadda ba ta duba wanda ya riga zuwa, ba ta duba furfura ko muƙami. Tambaya ɗaya take yi: a cikin mutanen nan, wane ne jinkiri zai fi cutarwa?

Ƙa'idar ta samo asali ne daga fagen fama. Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon na Faransa, shi ne ya yi suna wajen fara yi wa wanda rauninsa ya fi muni magani ba tare da duba girman muƙaminsa ba. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ƙungiyar agaji ta Kurwa Ruj da ƙungiyar likitoci ta MSF, sun fitar da tsari mai launi uku domin asibitocin da ma'aikata da kayan aiki suka yi wa ƙaranci. Ja na wanda za a kama nan take ne, kamar wanda ya suma bai farfaɗo ba, ko numfashi ya sarƙe masa, ko jini ke zuba sosai, ko yake jijjiga, ko maciji ya sare shi. Rawaya na wanda za a gani ba da daɗewa ba ne, kore kuma na wanda zai iya jira. A Faransa ma'aunin da ƙungiyar likitocin gaggawa ta ƙasar ta sabunta a 2018 yana da matakai biyar, daga wanda ba ya jira ko kaɗan, da wanda dole likita ya gan shi cikin minti 20, har zuwa wanda zai iya jiran awa huɗu. Launuka da lambobi sun bambanta daga wuri zuwa wuri, amma aikin ma'aikacin jinyar da ke bakin ƙofa ɗaya ne: ya yi tambaya, ya auna bugun jini da numfashi da zafin jiki da iskar da ke cikin jini, sannan ya yanke hukunci cikin ƴan mintuna.

Shekaru kaɗai ba sa kai mutum gaban layi, amma ƙa'idar ba ta manta da su ba. A tsarin nan mai launi uku, wanda ya haura shekara 50 ya zo da ciwon ƙirji ko ciwon ciki da ya taso masa farat ɗaya, kai tsaye ja ake ba shi, ko da yana tafiya da ƙafarsa yana gaisawa da mutane. Dalili shi ne a wannan shekarun irin wannan ciwo yakan zama bugun zuciya ko toshewar hanji ko wata matsala ta jijiyar jini, kuma kowannensu yana iya kashewa cikin sa'o'i.

Inda wahalar take, kuma inda nake ganin ya kamata iyalai su buɗe kunne sosai, shi ne ciwon tsoho ba ya fitowa fili yadda na matashi ke fitowa. Tsohuwa tana iya ɗauke da ciwon huhu mai tsanani jikinta bai yi zafi ba. Dattijo mai ciwon sukari yana iya samun bugun zuciya ƙirjinsa bai yi ciwo ba, sai dai kasala da gumi da tashin zuciya. Wanda ke shan maganin hawan jini irin su atenolol, zuciyarsa ba za ta yi saurin da ya kamata ta yi ba ko da jini na zuba a cikinsa, don haka na'ura za ta nuna lamba mai kwantar da hankali alhali lamarin ya ɓaci. Haka kuma mutumin da ya saba da awon jini 170, idan aka auna aka ga 110, a takarda lafiya ce, a jikinsa kuwa faɗuwa ce babba. A bazarar Yamai, lokacin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ga wata matsalar: tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai ruwan jikinsa ya ƙafe bai nemi moɗa ba.

Sai kuma halinmu na dauriya da kunya. Ma'aikacin jinya zai durƙusa ya ce, "Baba, ina ke yi maka ciwo?" Dattijon zai gyara hula ya ce, "Da sauƙi, ɗana, alhamdu lillahi." Ba zai faɗa a gaban surukarsa cewa tun jiya fitsari ya ƙi fita ba, alhali riƙewar fitsari tana cikin alamomin da ke ɗaga mutum zuwa rawaya. Idan ɗan rakiyar shi ma ya ce, "Jikin tsufa ne kawai, ya ƙi cin abinci," to an haɗu an kai shi kore, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Saboda haka maganar ɗan rakiya wani ɓangare ne na awon, kuma abin da ake so daga bakinsa shi ne bambancin jiya da yau. Maimakon "ba ta da lafiya", ya ce, "Shekaranjiya Inna ita ta yi alwala da kanta ta gane kowa, yau tun asuba tana kiran jikarta da sunan ƙanwarta, kuma ba ta iya tashi." Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu ba gigin tsufa ba ne, kuma bai kamata a tsaya neman rubutu da hayaƙi kafin a zo asibiti ba, domin sau da yawa alama ce ta ƙwayar cuta a mafitsara ko huhu, ko ƙarancin ruwa, ko faɗuwar sukari ga mai shan magani irin glibenclamide. Idan baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a faɗi ƙarfe nawa aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, saboda maganin narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayarwa. Idan faɗuwa ya yi, a faɗa ko da a banɗaki ne kuma babu rauni a waje, musamman ga mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, tun da jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali. A zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya a zo da su, har da na gargajiya, tare da katin asibitinsa.

Launin da aka ba mutum a ƙofa ba hukuncin ƙarshe ba ne. Ƙa'idar ta tanadi a sake duba masu jira, a ɗaga matakin wanda jikinsa ya canza. Ɗan rakiyar da ya ga numfashin mahaifinsa ya sauya, ko barci mai nauyi ya fara ɗaukarsa, yana da haƙƙin komawa wurin ma'aikacin da ya tantance su ya faɗi abin da ya gani. Ladabi da bayani ƙarara sun fi hayaniya aiki a nan, domin mutumin da ake yi wa magana yana riƙe da rayuka da yawa a lokaci guda.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan asibitoci. Wani bincike da aka yi a sassan gaggawa 97 na Faransa a Disambar 2022 ya bibiyi marasa lafiya masu shekara 75 zuwa sama, ya gano cewa cikin waɗanda suka kwana a sashen gaggawa suna jiran gado kashi 15.7 cikin 100 sun rasu a asibiti, yayin da cikin waɗanda aka kai ɗaki kafin tsakar dare kashi 11.1 ne suka rasu. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi cewa idan gado ɗaya ya samu kuma ciwon mutum biyu ya yi daidai, tsoho mai rauni ya kamata a fara ba shi. Haka nan tsufa ba dalili ba ne na mayar da mutum baya da sunan ai ya riga ya ci zamaninsa. Shawarar iyakar maganin da za a yi wa dattijo ana yanke ta ne bayan likita ya duba shi, an ji ta bakinsa da ta iyalinsa, kuma ba aikin bakin ƙofa ba ne.

Ga wanda tsohonsa ya suma a gida, ko ya faɗi ya kasa taka ƙafa, gara a kira SAMU, wato masu motar agajin gaggawa ta asibiti, a lamba 15 ko ƴan kwana-kwana a lamba 18 da a naɗe shi a bayan babur, domin karayar ƙugu tana ƙara muni da jijjigar hanya, kuma aiki take bukata a asibiti tun kafin a yi tunanin maɗori.