Maƙalewar gidan harsashi a bindiga

Maƙalewar gidan harsashi matsala ce da ke samun bindigogin da ake cire musu gidan harsashi a sake sawa, inda mai bindiga zai danna maɓalli ko ya ture mariƙi amma gidan ya ƙi fita, ko ya fita da ƙyar sai an fizge shi. Sojoji da 'yan sanda sun fi kiran gidan da magazin. Akwati ne na ƙarfe ko alminiyom ko roba mai tauri, a cikinsa akwai sifirin da ɗan faranti a bisansa wanda ke turo harsasai sama, sai leɓɓa biyu a baki da ke riƙe harsashin sama har sakata ta zo ta tura shi cikin maƙogwaron bututu. Ana bambanta wannan matsala da cijewar bindiga lokacin harbi, ko da yake sau da yawa tare suke zuwa. A mafi yawan lokuta laifin na gidan ne, don shi ne mafi araha da rashin ƙwari a jikin bindiga, kuma shi ya fi shan faɗuwa ƙasa.

Tarihi

Ana danganta gidan harsashi mai cirewa ga James Paris Lee, haifaffen Sukotlan wanda ya tashi a Kanada, da ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1879. Sojan Birtaniya sun karɓi ƙirar a bindigar Lee-Metford a 1888, sannan a Lee-Enfield daga 1895. Sai dai manyan hafsoshin lokacin ba su yarda soja ya riƙa cire gidan ba. Tsoronsu shi ne ya ɓatar da shi a filin daga, shi ya sa aka ɗaure gidajen farko da ɗan sarƙa a jikin bindigar. Daga baya aka koma loda harsasai goma ta sama, biyar-biyar, gidan yana nan inda yake, ba a cire shi sai ranar wanki. Kowane gida ana daidaita shi da bindigarsa, wasu ma har lambar bindigar ake buga musu, don haka wanda ya ɗauko na wata bindiga ya cusa a tasa yana iya samun ya matse ko ya yi sako-sako. Lee-Enfield ɗin ce bindigar da sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama, a runduna ta 81 da ta 82, cikinsu har da Hausawa masu yawa.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne canza gida cikin sauri ya zama abin da ake koya wa kowane soja, kuma maƙera suka rabu kashi biyu kan yadda bindiga za ta riƙe gidan. Hanya ta farko ita ce ta maƙalawa da lanƙwasawa, wadda Mikhail Kalashnikov ya bi a AK-47 da sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949. Gidan yana da ɗan haƙori a gaba da wani tudu a baya. Ana saƙala haƙorin gaba a jikin bindiga, a jawo gidan baya har tudun ya haye kan mariƙin da ke gaban kunama, a ji ƙas. Wurin cirewa ana tura mariƙin gaba da babban yatsa, a lanƙwasa gidan gaba. Ba ya faɗowa da kansa, kuma ba a yi shi don ya faɗo ba. Bindigar FAL ta Beljiyam ma wannan hanya ta bi.

Hanya ta biyu ita ce ta Eugene Stoner a AR-15, wadda kamfanin ArmaLite ya ƙera a ƙarshen shekarun 1950, ya sayar wa Colt a 1959, ta zama M16 a hannun sojan Amurka. A nan gidan yana shiga a miƙe cikin wani kogo mai zurfi, mariƙi ya faɗa cikin ɗan tsagi da ke gefensa na hagu, maɓallin saki kuma yana dama, daidai inda manuniya ke kaiwa. Da an danna, gidan zai zame ƙasa da nauyinsa. Wannan ya fi sauri, amma kogon ya kewaye gidan ta kowane gefe da ɗan rata kaɗan, saboda haka ƙaramar lotsawa ko 'yar ƙasa ta isa ta riƙe shi. Gidajen farko na alminiyom ne marar nauyi, masu cin harsashi 20, kuma an ce tun farko tunanin masu ƙirar shi ne a yi amfani da su a yar. Ba haka aka yi ba, sojoji suka ci gaba da loda su shekara da shekaru. A yaƙin Biyetnam ya zama al'ada a sa harsashi 18 maimakon 20 don rage wa sifirin da leɓɓa nauyi. Mai cin 30 ya fara yaɗuwa ne wajajen 1970.

A watan Oktoba na 1980 ƙungiyar NATO ta gabatar da daftarin STANAG 4179 domin ƙasashenta su yi amfani da gida iri ɗaya, mai girman na M16. Ba a taɓa tabbatar da daftarin ba, amma sunan ya zauna, masana'antu da dama a ƙasashe daban-daban suka shiga ƙera gidajen da ake kira STANAG, kowace da nata awon. Daga nan ne wani ɓangare babba na ƙorafin yau ya samo asali: gida biyu masu suna ɗaya, ɗaya ya faɗo sumul, ɗaya sai an ja. Haka abin yake a AK, wadda Sin da Romaniya da Bulgeriya da Hangari da tsohuwar Yugoslabiya duk suka ƙera, kaurin tudun baya kuma bai zo ɗaya ba. Ita kuwa FAL kashi biyu ta rabu, mai awon mita da mai awon inci irin ta Birtaniya. Gidan mai awon mita yana shiga bindigar inci, amma na inci haƙorinsa ya yi wa ta mita girma.

Akwai kuma akasin matsalar, wadda ta addabi bindigar L85A1 ta Birtaniya da aka fara rabawa a 1985. Mariƙinta yana kama tufafin soja ya saki gidan ba da niyya ba, har sai da aka yi masa ɗan shinge na ƙarfe.

Gwajin ƙura da sojan Amurka suka yi a filin gwajinsu na Aberdeen da ke Amurka a ƙarshen 2007 ya sake jawo hankali kan gidan harsashi. An harba harsashi 60,000 da bindigogin M4 (gajeren samfurin M16) guda goma, suka cije sau 882, kuma 239 daga ciki an ɗora su a kan gidajen. A 2009 aka fito da gida mai sabon faranti ruwan ƙasa wanda ba ya karkacewa. A shekarar 2007 ɗin ce kuma kamfanin Magpul ya fito da gidan roba mai suna PMAG, wanda rundunar Marin ta sojan Amurka ta amince da samfurinsa na uku a ƙarshen 2016.

Dalilai

Na farko shi ne buɗewar leɓɓa. Gidan alminiyom da ya daɗe yana aiki, ko ya faɗi a kan bakinsa cike da harsasai, leɓɓansa sukan wage kaɗan, faɗin bakin ya ƙaru, ya riƙa goga bangon kogo. Alamarsa ita ce gidan ya fita lafiya idan babu komai a ciki, ya matse idan an cika shi. Na roba ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi, galibi a bayansa tsakanin leɓɓan biyu, kuma tsagar ba ta cika bayyana ba sai an loda shi ta buɗe.

Na biyu shi ne wuce gona da iri wurin cusawa. Idan sakata tana buɗe a baya, babu abin da zai tare gidan daga sama in ban da mariƙi. Wanda ya buga shi da tafin hannu da ƙarfi yana iya sa shi ya wuce mariƙin ya hau sama fiye da kima, ya tokare sakatar, ga shi ba ya fita, ga sakata ba ta rufuwa. Abin ya fi faruwa da tsofaffin gidaje da bakin tsaginsu ya cinye. Don haka ne aka yi wa PMAG na uku ɗan tudu a baya da ke tsayar da shi a bakin kogo.

Sai harsashi da ya tsaya rabi a ciki rabi a waje, kansa ya shiga maƙogwaro, gindinsa kuma yana tsakanin leɓɓa, ko harsasai biyu su yi karo a ƙofa ɗaya. A nan harsashin ne ya zama ƙusa, komai danna maɓalli gidan ba zai motsa ba muddin sifirin sakata yana danne shi.

Shi ma mariƙin yana da nasa. A AR-15 sandarsa tana da tiredi kamar noti, a cikin maɓalli take ɗauruwa. Idan aka ɗaure ta ta wuce, dannawa ba ta ɗaga mariƙin gaba ɗaya daga tsagin. Ƙa'idar da ke littattafan soja ita ce ƙarshen sandar ya yi daidai da fuskar maɓallin. A AK kuwa sabon mariƙi da tudu mai kauri sukan ciji juna har babban yatsa ya kasa turawa.

Ƙura da yashi da tsatsa an san su. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne mai: wanda ya shafa wa gida mai don ya yi santsi, a ƙasa mai yashi ko a lokacin ƙurar hunturu ya haɗa wa kansa taɓo ne. Fenti mai kauri da aka fesa wa gida ko cikin kogo shi ma yana cinye ratar.

A bindigogin farauta masu kota ta itace, danshin damina yana kumbura itacen ya matse gidan, haka ma notin da ke haɗa ƙarfe da kota idan aka ɗaure shi da yawa. Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964 da ƙaramin gida mai juyawa na harsashi goma, an san ta da wannan, ga kuma kakin da ke jikin ƙananan harsasanta yana taruwa ya daskare.

Yadda ake warwarewa

Kafin komai ana ɗaukar bindigar a matsayin ɗananniya. A juya bakinta inda babu kowa, a janye yatsa daga kunama, a sa makullin kunama idan zai shiga. Matuƙar gidan yana ciki da harsasai, duk ja da sakin sakata sabon harsashi yake ɗanawa, wanda kuma ke kokawa da gida hankalinsa yakan bar bakin bindiga.

Mataki na gaba shi ne a ja sakata baya a kulle ta. A bindigar da ba ta da makullin sakata, kamar yawancin AK, ana riƙe ta da hannu. Wannan kaɗai yakan saki gidan da harsashi ya tokare. Sannan a danne maɓalli har ƙarshe, a kama gidan da ɗaya hannun a ja shi ƙasa a miƙe, ana ɗan girgiza shi gaba da baya. Ba a murɗa shi gefe. A AK akan ɗan jawo gidan baya tukuna don a sauke nauyi daga kan mariƙi, sai a tura mariƙin, in ya ƙi yatsa a yi amfani da guntun itace.

Idan duk wannan bai yi ba, ana kwashe harsasan ta ƙasa. Yawancin gidaje suna da murfin gindi mai zamewa. A zare shi a hankali da tafin hannu a kai, don sifirin yana fitowa da ƙarfi yana iya samun ido, sai faranti da harsasai su zubo. Gidan da leɓɓansa suka wage yakan saki da zarar nauyin ya tafi. A AR-15, bayan an tabbatar da ido da yatsa cewa maƙogwaro ba komai, ana zare fil biyu da ke haɗa sama da ƙasan bindigar, a turo gidan daga sama da katako yayin da ake danne maɓalli. Ba a sa sukudireba a ɓamɓare, ba a kuma buga ƙarfe a kan alminiyom. Wanda abin ya gagara sai ya kai wa mai kula da ma'ajiyar makamai ko maƙerin bindiga mai lasisi, ya kuma faɗa masa tun daga ƙofa cewa akwai harsashi a ciki.

Bayan ya fita ne ake gano mai laifi, kuma gwajin ba shi da wuya. A gwada wani gida da aka san lafiyarsa a bindigar, a gwada wanda ya maƙale a wata bindiga. Idan gida ɗaya ne ke maƙalewa a ko'ina, nasa ne. Idan kowane gida yana maƙalewa a bindiga ɗaya, sai a duba mariƙi da kogo. Wurin da ke goga yakan bar alama, wani ɗan ƙyalli a inda fenti ya koɗe, wasu kuma sukan shafa tawadar maka a jikin gidan su sa su cire don su ga inda ta goge. Masu kula da makamai sukan rubuta wa kowane gida lamba a gindi domin a gane wanda ke yawan ba da matsala, kuma a sojan Amurka shawarar da aka saba bayarwa ita ce a murƙushe lalataccen gida kafin a yar, kada wani ya tsinta ya mayar da shi ma'ajiya.

Kan ko a gyara leɓɓan da suka wage da filaya, ra'ayi ya rabu. Wasu suna yi wa na ƙarfe, amma alminiyom da aka lanƙwasa sau biyu ba ya daɗewa. Goge tudun gidan AK da magagari abu ne da ake yi, kaɗan-kaɗan, kuma gidan ake gogewa a bar bindigar.

Gidajen da ba a yi su don cirewa ba

Bindigar SKS ta Sobiyet tana da gida mai cin goma da ke manne da bindigar, ƙasansa kawai ke buɗewa. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma doka ta sa ana sayar da wasu bindigogin AR-15 da gida a kulle, wanda ba ya fita da danna maɓalli, abin da kan sa sabon mai saye ya zaci lalacewa ce. An yi ta shari'a kan waɗannan dokoki.

A Najeriya

Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, don haka aikin warware irin wannan matsala a jikinsu yana hannun masu kula da makamai na soja da 'yan sanda da sauran hukumomin tsaro. Masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, wato DICON, da aka kafa a Kaduna a 1964 ta ƙera FAL, daga baya kuma ta fito da samfurin AK mai suna OBJ-006.