Waiwaye kan cunkoson jiragen ƙasa na lantarki a birnin Mumbai

A duk ranar aiki, fiye da mutum miliyan 7 ne ke hawa jiragen ƙasa masu aiki da lantarki da ke kai da komo tsakanin tsakiyar birnin Mumbai na ƙasar Indiya da garuruwan da ke kewaye da shi, a jigila kusan 3,000 da ke farawa tun kafin asuba har bayan tsakar dare. Mazauna birnin na kiran waɗannan jirage da suna lokal, kuma da su ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa ke auna lokacin fita da na dawowa gida. Sai dai wannan hidima na tafe da asarar rayuka mai tayar da hankali, domin a shekarar 2023 kaɗai 'yan sandan layin dogo sun ƙidaya mutum 2,590 da suka mutu a kan layukan, mafi yawansu ko dai jirgi ya buge su suna tsallaka dogo, ko kuma sun faɗo daga taragon da ya cika ya batse. Wannan matsala tana da dogon tarihi, kuma sanin tarihin ne ke bayyana dalilin da ya sa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Tushen al'amarin shi ne siffar birnin kansa. Bombay, kamar yadda ake kiran birnin har zuwa 1995, tsibirai bakwai ne da aka yi ta cike ruwan da ke tsakaninsu har suka haɗe suka zama siririyar ƙasa mai tsawo wadda teku ya kewaye ta ta gabas da yamma da kudu. Tashar jiragen ruwa da ofisoshin gwamnati da bankuna da manyan kotuna duk sun kafu ne a ƙarshen kudu, inda fili ya fi ƙaranci, saboda haka duk wanda bai samu wurin kwana a can ba dole ya nausa arewa. Tun daga lokacin ne tafiyar jama'a ta zama mai fuska ɗaya: da safe kowa ya nufi kudu, da yamma kowa ya juya arewa.

Jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi ne daga Bori Bunder zuwa Thane a ranar 16 ga Afrilu, 1853, tafiyar kilomita 34, da taragai 14 da fasinjoji kimanin 400. Kamfanin Great Indian Peninsula da ya shimfiɗa wannan dogo ya fi damuwa da kawo auduga da sauran kaya daga cikin ƙasa zuwa bakin teku, kuma cinikin audugar ya bunƙasa sosai a shekarun yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, lokacin da masaƙun Ingila suka rasa audugar da suka saba samu daga can. Wani kamfanin daban, mai suna Bombay, Baroda and Central India, ya biyo gaɓar yamma da nasa layin, ya kuma fara jigilar mazauna bayan gari a 1867. Waɗannan kamfanoni biyu sun daɗe da shuɗewa, amma rabon da suka yi wa birnin yana nan daram, domin har yau layin yamma na tashi ne daga Churchgate, layin tsakiya kuma daga tsohuwar tashar Victoria wadda yanzu ke ɗauke da sunan Chhatrapati Shivaji Maharaj, kuma kowanne na ƙarƙashin hukuma ta daban.

Annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta auka wa birnin a 1896, ta kori dubban mutane daga cunkusassun unguwannin kudu, ta kuma sa hukuma ta fara buɗe sababbin unguwanni a arewa. Jiragen da ke aiki da gawayi da tururi ba su iya ɗaukar wannan sabon nauyi ba, saboda suna da nawar tashi daga tasha, kuma idan sun kai ƙarshen layi sai an cire kan jirgin an zagayo da shi gaba kafin a juya. A ranar 3 ga Fabrairu, 1925, jirgin lantarki na farko a Indiya ya tashi daga tashar Victoria zuwa Kurla, tafiyar kilomita 16, a kan wutar bolt 1,500 ta nau'in da injiniyoyi ke kira DC. Layin yamma ya bi sahu a Janairun 1928 har zuwa Borivali. Wani kaso na wutar ya riƙa zuwa ne daga madatsun ruwa da kamfanin Tata ya gina a tsaunukan da ke gabashin birnin, waɗanda na farkonsu, na Khopoli, ya fara aiki a 1915.

Amfanin jirgin lantarki irin wannan yana cikin ƙirarsa. Injinan da ke tuƙa shi an rarraba su ne a ƙarƙashin wasu daga cikin taragan, don haka yana ɗaukar gudu cikin daƙiƙu kaɗan, yana kuma tsayawa cikin sauri, abin da ya dace da tashoshin da tazararsu ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu ba. Yana da ɗakin direba a kowane ɓangare, ta yadda idan ya iso Churchgate, direba ya koma ɗaya kan kawai jirgi ya kama hanya. Wannan ne ya ba da damar jera jirage kusa da kusa, ya kuma mayar da ƙauyuka irin su Andheri da Ghatkopar unguwannin ma'aikata. A nan ne kuma aka fara wani zagaye da birnin bai fita daga cikinsa ba har yau, wato duk lokacin da jirgi ya ƙara sauri ko ya ƙara nisa, sai mutane su ƙara matsawa gaba inda haya ke da sauƙi, sai jirgin ya sake cika.

Bayan samun 'yancin kai a 1947, yawan jama'a ya ninka cikin ɗan lokaci. 'Yan gudun hijirar raba Indiya da Pakistan sun kwararo, har aka kafa wa mutanen Sindh garin Ulhasnagar kusa da Kalyan, ga kuma masu neman aiki daga kowace kusurwa ta ƙasar. Dokar haya ta 1947 ta daskarar da kuɗin hayar tsofaffin gidaje a kan farashin 1940, abin da ya kare waɗanda ke ciki amma ya kashe wa masu kuɗi sha'awar gina sababbin gidajen haya a cikin gari. A 1964 aka daina amfani da ƙananan jiragen da ke bin tsakiyar titi. Zuwa ƙidayar 2011, birnin da garuruwan da suka manne da shi sun haura mutum miliyan 18. A yau layin yamma ya miƙe har Dahanu, layin tsakiya har Kasara, kowanne fiye da kilomita 120 daga tsakiyar gari.

Akwai wani sauyi na 1951 da ba a cika ba shi muhimmancin da ya kamata ba. A waccan shekarar ne aka tsara layukan dogon ƙasar zuwa shiyyoyi, jiragen Mumbai suka faɗa ƙarƙashin shiyyar tsakiya da shiyyar yamma, waɗanda dukkansu ke karɓar umarni da kasafi daga ma'aikatar jiragen ƙasa da ke Delhi. Ma'anar wannan ita ce gwamnatin jihar Maharashtra da hukumomin birni su ke ba da izinin gina gidaje da ofisoshi, amma ba su da iko a kan jiragen da za su kwashi mazauna waɗannan gine-gine. Ita kuwa ma'aikatar, tana da jiragen nesa da na kaya na ƙasa baki ɗaya da za ta kula da su, kuma a wurare da dama waɗannan jirage na bin dogo ɗaya da lokal. A ganina wannan rabuwar iko ta fi ƙarancin kuɗi yi wa fasinjan Mumbai illa, domin babu hukuma ɗaya da za a kama da laifi idan unguwa ta girma ta fi ƙarfin tasharta.

Batun kuɗin jirgi ma yana da nasa tasirin. Mafi ƙarancin tikiti a taragon talakawa rupi 5 ne, tikitin wata kuma ya fi haka rangwame nesa ba kusa ba, kuma wannan arha ce ta ba mai gadi da mai aikin gida damar zama a Virar ko Badlapur suna aiki a tsakiyar gari. Da gwamnati ta yi yunƙurin ƙara kuɗin a Yunin 2014, ƙorafin jama'a da na 'yan siyasar jihar ya tilasta mata janye ƙarin ga taragon talakawa a tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba. Ba na ganin laifin fasinjojin da suka ƙi ƙarin, domin albashinsu an gina shi ne a kan wannan arhar, amma sakamakon shi ne hukumar na cewa asara take tafkawa a wannan jigila, tana kuma jan ƙafa wajen zuba jari.

Wanda ya tsaya a tashar Dadar da ƙarfe shida na yamma zai ga abin da waɗannan dalilai suka haifa. Jirgi na tsayawa ƙasa da rabin minti, masu sauka sun riga sun taru a bakin ƙofa tun daga tashar baya, masu hawa kuma na kama ƙarfen tsakiyar ƙofa tun jirgin bai gama tsayawa ba. Bencin mutum uku kan ɗauki na huɗu a gefe da rabin mazauni, kuma wannan ya zama al'adar da ba a musu a kanta. Jirgi mai tarago tara da aka ƙera don mutum 1,700 ya sha ɗaukar fiye da 4,500, wato mutum 14 zuwa 16 a tsaye a kan murabba'in mita ɗaya, har hukumar ta ƙirƙira wa wannan matsatsi suna na musamman a cikin lissafinta. Ƙofofin a buɗe suke domin iska ta shiga a birni mai zafi da gumi, kuma waɗanda suka rasa wuri a ciki kan rataye a bakin ƙofa da yatsun ƙafa a kan matakala da jaka a goye a ƙirji. Mata na da taragansu daban, kuma tun daga 5 ga Mayu, 1992, akwai jirage sukutum da aka keɓe musu.

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. An tsawaita jiragen daga tarago tara zuwa 12 a 1986, sannan zuwa 15 a wasu jigilar daga 2009. An gina sabon birnin Navi Mumbai a tsallaken ruwa, dogo ya isa Vashi a 1992. A 1999 ma'aikatar da gwamnatin jihar suka kafa kamfanin haɗin gwiwa don gyaran layukan, kuma daga 2002 Bankin Duniya ya shigo da rance, ko da yake ya dakatar da wani ɓangare na kuɗin na ɗan lokaci a 2006 saboda yadda aka tafiyar da sake tsugunar da dubban iyalan da suka yi bukkoki a gefen dogo. Babban aikin injiniya shi ne sauya wutar daga DC mai bolt 1,500 zuwa AC mai bolt 25,000, irin wadda sauran layukan Indiya ke amfani da ita, domin tsohon tsarin na buƙatar tashoshin rarraba wuta kusa da kusa kuma ya kai iyakar abin da zai iya ja. An kammala layin yamma a 2012, na tsakiya a 2015, na uku da ke bin gaɓar tashar jiragen ruwa a 2016, kuma an yi aikin ne cikin 'yan sa'o'in dare ba tare da an rufe layi na tsawon lokaci ba. Wuta mai ƙarfi haka na buƙatar sarari tsakanin waya da duk abin da ke samanta, dalilin da ya sa tsofaffin gadoji suka zama matsala, har aka rushe gadar Hancock ta 1879 a 2016.

Ambaliyar 26 ga Yuli, 2005, ranar da aka auna ruwan sama milimita 944 cikin sa'a 24, ta tsayar da jiragen cak, kuma a 11 ga Yuli, 2006, bama-bamai bakwai suka tashi a jiragen layin yamma suka kashe fiye da mutum 180. Amma turmutsitsin tashar Elphinstone Road na 29 ga Satumba, 2017, shi ya fi fito da asalin cutar fili. Unguwar Parel da ke kewaye da tashar a da cike take da masaƙu, waɗanda suka durƙushe bayan dogon yajin aikin 1982, aka mayar da filayensu dogayen benayen ofisoshi. Ma'aikata sun ninka, amma siririyar gadar masu tafiya da ƙafa tana nan yadda take. Da ruwan sama ya sauko a safiyar ranar, jama'a suka maƙale a kan matakala suna fakewa yayin da wasu ke ta tururuwa daga jirage, mutum 23 suka rasa rayukansu. Bayan haka ne aka gaggauta gina gadoji da dama, har da taimakon sojoji.

A Disambar 2017 aka fara gudanar da jirgi mai na'urar sanyaya iska da ƙofofin da ke rufe kansu, wanda babu mai faɗowa daga cikinsa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin fasinjoji ko bayan da aka rage tikitin tafiya ɗaya da rabi a Mayun 2022. A Agustan wannan shekarar, fasinjoji a Kalwa da Badlapur suka yi zanga-zanga saboda an maye gurbin wasu jiragensu da masu sanyi, hukumar ta janye jigila goma. Layukan metro, wato sababbin jiragen cikin gari da ke bi ta kan gadoji ko ta ƙarƙashin ƙasa, da aka fara buɗewa daga 2014 sun taimaka musamman wajen ratsa birnin daga gabas zuwa yamma, sai dai ba su kai ga garuruwa masu nisa inda cunkoson ya fi tsanani ba.

A ranar 9 ga Yuni, 2025, jirage biyu suka gifta juna a wata kwana kusa da tashar Mumbra, fasinjojin da ke rataye a ƙofofinsu suka gogi juna suka faɗo, aƙalla mutum 4 suka mutu. Ma'aikatar ta sanar cewa sababbin jiragen da za a ƙera wa Mumbai, har da marasa sanyi, za su zo da ƙofofi masu rufe kansu, da ramukan shigar iska a jikin ƙofa, da na'urorin hura iska a rufi, da mashiga tsakanin tarago da tarago. Ƙofar da ke rufe kanta na ƙara daƙiƙu a kowace tsayawa, kuma tana barin waɗanda da za su rataya a tsaye a tasha, saboda haka wannan mataki ba zai yi aiki ba sai an ƙara yawan jirage da layukan da aka ware wa lokal kaɗai, irin layi na biyar da na shida da aka buɗe tsakanin Thane da Diva a Fabrairun 2022 bayan jinkirin shekaru masu yawa.