Fokilif a kan kwalta: amsar tambayoyin da kuke ta turo min

Tun ranar da na ba da labarin fokilif ɗin (injin nan mai yatsun ƙarfe biyu a gaba da ake ɗaga kaya da shi a sito) da na gani wajen PZ a Zariya ta shigo titi da buhunan taki a sama mutane ke ta tambaya, to ga amsa, gyaran injin nan shi ne abincina.

Wai sai an yi mata lamba da takardu? Ai ba mota bace.

A cikin sito ko harabar kamfani ba mai tare ka. Amma da zarar tayarta ta taka titin gwamnati ta zama abin hawa kamar kowane, sai da lamba, da inshora ko da ta tad fati ce, da takardar lafiyar mota, shi kuma direba da lasin. In 'yan KASTLEA, masu kula da dokar hanya a jihar Kaduna, ko Rod Sefti suka tsayar da kai, "ai tsallakawa kawai zan yi ranka ya daɗe" ba takarda bace.

Me ya kamata a duba a jikinta kafin ta fito?

Birki tukuna. Mutane na raina ta saboda gajarta ce, amma wadda ke ɗaukar tan 2.5 ita kanta nauyinta ya kai kusan tan 4 saboda dunƙulen ƙarfen nan na baya da ke hana ta kifawa gaba, wato kusan nauyin motar Golf guda uku, kuma yawancinsu birkin a tayoyin gaba kaɗai yake, to ka ga in ya yi sanyi ba abin da zai tsayar da ita sai bangon wani ko ƙafar wani. Hanbirek ma a gwada shi a gangare.

Sai fitilun gaba, jar wuta ta baya, sigina, hon, madubi da fitilar nan mai juyawa a kan rufi. Da yawa daga cikin na hannu da ake kawo mana ko sigina babu, don dama ba don titi aka ƙera su ba.

Taya kuma akwai ta roba zalla marar iska, wannan ta daɓen siminti ce, ƙarama, ƙarƙashin injin kusan taɓa ƙasa yake, rami ɗaya na damina ya ishe ta. Mai iska ta fi jure waje. Kuma don Allah a leƙa ƙarƙashinta, in man haidirolik na ɗiga a gyara, ɗan ɗigon da kake rainawa shi ke zame mai babur.

Yatsun gaba fa, ya ake da su?

A sauke su kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a kwantar da su baya kaɗan. Ni dai in son samu ne a cire su gaba ɗaya, in ba hali a rufe bakin a ɗaura jan ƙyalle. Tafiya da kaya a sama kuwa kada ma a fara, ya tare ma ido, ga wayar wuta, ga shi kwana kaɗan sai ta kife.

Na iya mota, ba sai in tuƙa ba?

A'a Malam. Ita da tayoyin baya take yin kwana, kana karya sitiyari gindinta zai watsa gefe ya kwashi mai keke napep ɗin da ya matso ka, kuma ka san mutanenmu da kutse. Sai an koya. A ɗaura bel, in ta tashi faɗuwa kar a yi tsalle, rufin ne ke danne mutum, a riƙe sitiyari gam. Kujera ɗaya ce, ba ɗaukar yaron shago a gefe.

Ina Sabon Gari, aikin yana Dakace, in tuƙa ta?

Ɗora ta a babbar mota ka ɗaure da sarƙa. Gudunta bai fi kilomita 20 a awa ba, ba ta da shokazoba, kafin ka isa bayanka ya gaya maka, ga tireloli na hura ma hon a baya. In ma sito biyu ne suna kallon juna titi ya raba, takardun nan dai sai da su, sannan ka sa mutum biyu su tare hanya, ka tsallaka da sassafe kafin 'yan makaranta su fito.