Ɓaure, tin da danginsu: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Sana'ata dashen itatuwa ce, kuma tun da aka shiga yayin shuka tin a gidaje, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini safe da yamma. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Ɓaure shi ne tin?

A'a, 'yan'uwa ne. Tin da aka ambata a sura ta 95 shi ne Ficus carica, itacen ƙasashen bakin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya, kuma Turkiyya ce ta fi kowa nomansa a yau. Ɓauren da ke bakin rafinmu Ficus sycomorus ne. Ana cin duka biyun, amma tin ya fi zaƙi nesa ba kusa ba.

Su wa ke cikin dangin kuma?

Cediya, durumi, gamji. Duk Ficus ne, jinsin da ke da iri wajen 800 a duniya. Tsinki ganye za ka ga farin ƙaro yana tsatstsafowa. Kafin wani ya tambaya: tumfafiya ma tana da farin ƙaro, amma ba 'yar gidan ba ce. A can nesa cikin zuri'ar akwai loko na katako, da ukwa da Inyamurai ke dafawa.

Gaskiya ne ɓaure ba ya fure?

Yana yi. Ba ka dai duba inda ya kamata ba. Ɓare ɗanyen ɓaure: 'yan zarurrukan nan da suka cika bangon cikinsa su ne furannin, ɗaruruwa, a kulle.

To waɗannan ƙwarin da ke ciki fa? Ruɓewa ya yi?

Bai ruɓe ba, kwantar da hankalinka. In babu su, ɓaure ba ya yin iri. Wani ƙwaro ne dangin zanzaro, tsawonsa wajen milimita 2. Macen takan kutsa ta 'yar ƙofar da ke ƙasan ɗanyen ɓaure, ƙofar kuwa matsattsa ce har fukafukanta kan cire a hanya. Tana shiga da garin furen wani ɓauren, ta barbaɗa wa furannin, ta yi ƙwai a cikin wasu, ta mutu a nan. Mazan da aka ƙyanƙyashe ba su da fukafuki. Aikinsu su sadu da matan, su huda musu hanyar fita, shi ke nan. Matan su kwashi garin fure su tashi neman wani itacen. Abin da ya fi burge ni shi ne kusan kowane iri da nasa ƙwaron; na ɓaure ba ya yi wa gamji aiki.

A Masar ƙwaron ɓaure ba ya nan, shi ya sa tun zamanin Fir'aunoni suke dasa shi da reshe, su tsaga 'ya'yan da wuƙa don su nuna da wuri.

Ya halatta a ci da ƙwarin a ciki?

Ni mai dashe ne, ba malami ba. Ɓare, ka hure, ka ci, ko ka tambayi limamin unguwarku.

Na shuka tin a gida. Zai yi 'ya'ya a nan Arewa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsar ita ce: mai yiwuwa, kuma ya danganta da abin da ka shuka tun farko.

In ƙwayar busasshen tin na kanti ka shuka, to yi haƙuri. Za ta iya tsirowa, ta yi ganye gwanin sha'awa, amma kusan rabin abin da ke fitowa daga ƙwaya namijin tin ne da ba a cin 'ya'yansa, sauran kuma galibi sai da ƙwaronsu, wanda ɗan ƙasashen Bahar Rum ne. Ƙwaron ɓaurenmu ba zai kula shi ba. Manoman Kalifoniya sun sha wannan wahalar: shekara da shekaru tin ɗin da suka kawo daga Turkiyya yana zubar da 'ya'ya ɗanye, sai a 1899 da aka kai musu ƙwaron daga Aljeriya al'amarin ya daidaita. Kai wa zai kawo maka?

Abin da kake buƙata shi ne reshen irin da ke nuna ba tare da ƙwaro ba, kamar Brown Turkey ko Black Mission. Kuma kada ka yarda da suna a baki. Ka ce wa mai sayarwa ya nuna maka uwar itacen da ya yanko reshen, da nunannun 'ya'ya a jikinta. In ya fara kame-kame, juya.

Ko da irin ya yi daidai, ban ce an gama ba. Zafin rana ba ya damun tin, indai yana samun ruwa a kai a kai. Damina ce matsalarsa. A watan Agusta ganyen kan yi ɗigo-ɗigon tsatsa ya zube, 'ya'yan da suka kusa nuna su tsage su yi tsami. Wasu shekarun abin da sauƙi, wasu kuwa sai a hankali, don haka 'ya'yan rani sun fi abin dogaro. Sai kuma ƙasa: in jigawa ce, musamman inda aka daɗe ana shuka tumatir ko kuɓewa, akwai wata tsutsa da ido ba ya gani mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, itacen ya tsaya cak. A irin wannan wuri gara ka dasa a rabin durom da ka huda gindinsa, da sabuwar ƙasa da ruɓaɓɓen takin gida. Na ce ruɓaɓɓe, don ɗanyen taki gara yake kira. Kada ka cika masa yuriya, ganye kawai zai tara maka.

In komai ya tafi daidai, reshe kan fara 'ya'ya cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Daga nan faɗanka da tsuntsaye da jemagu ne, tunda tin ba ya ƙarasa nuna in an tsinke shi ɗanye. Sai ya yi laushi, wuyansa ya lanƙwashe.

Ganyen ya zube da hunturu, ya mutu ke nan?

Hutawa yake. Kankare ɓawon da farce, in kore ne a ciki, bar shi. Ku daina tumɓuke itace mai rai kuna dawo mini da ƙorafi.

An ce ganyensa na warkar da ciwon sukari.

Wanda ya ce, shi zai yi jinyarka? Kada ka ajiye maganin asibiti saboda saƙon WhatsApp. Masu shafa ƙaron tin ko ruwan ganyensa a fata kuma su sani, in rana ta taɓa wurin yana iya tashi kamar ƙunar wuta.

Zan iya dasa cediya ko gamji a tsakar gida?

In gidan fuloti ɗaya ne, a'a. Saiwar za ta nemi sokawe da bututun ruwa, ta ɗaga daɓe, ta tsaga katanga. Wurinsu ƙofar gida mai fili, ko makaranta, ko bakin kasuwa. Sari reshe mai kauri da farkon damina, ka kafa, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki.