Tsara titunan Accra domin rage mace-macen haɗarin mota

Tsara tituna domin kare rayuka fanni ne na aikin gina birane da ke duba yadda za a shimfiɗa hanya, a raba ta tsakanin motoci da masu tafiya a ƙasa, a kuma ƙayyade gudu, ta yadda kuskuren direba ko na mai tsallakawa ba zai kai ga mutuwa ko naƙasa ba. A Accra, babban birnin Ghana, batun ya fi tsanani a wuraren da manyan hanyoyi suka ratsa unguwanni masu cunkoso, irin su Lapaz da Madina da Adenta da kewayen Nima. Rahotannin Majalisar Birnin Accra sun sha nuna cewa masu tafiya a ƙasa su ne suka fi mutuwa a titunan birnin. A faɗin ƙasar kuwa, alƙaluman hukuma na shekarun baya-bayan nan sun haura mutum 2,000 a kowace shekara.

Asalin tsarin

A 1997 majalisar dokokin Suwidin ta amince da manufar da ake kira Vision Zero, wato kada a yarda da mutuwar ko mutum ɗaya a matsayin kuɗin da ake biya don a yi zirga-zirga. Tushenta abu biyu ne: ɗan Adam ba ya rabuwa da kuskure, kuma jikinsa yana da iyakar bugun da zai iya ɗauka. Saboda haka alhakin haɗari ba ya tsayawa kan direba kaɗai, yana hawa kan injiniyan da ya zana hanyar da hukumar da ta sa mata iyakar gudu. Biranen Oslo da Helsinki, da suka daɗe a kan wannan turba, sun kammala shekarar 2019 ba tare da mota ta kashe mai tafiya a ƙasa ko ɗaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma nahiyar Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, duk da ƙarancin motocinta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage adadin da rabi tsakanin 2021 da 2030.

A unguwanninmu idan mota ta kaɗe yaro akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Magana ce ta haƙuri, kuma tana da wurinta a zaman makoki. Amma idan wuri guda ya ci rayuka shekara bayan shekara, to akwai abin gyara a wurin, kuma umarnin a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali ya shafi mai zana titi kamar yadda ya shafi kowa.

Gudu

Duk sauran matakai a bayan rage gudu suke. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai kilomita 60 kuma kusan mita 17, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki. Bayan an taka birkin ma, nisan da mota ke ja kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu idan gudun ya ninka sau biyu. Shi ya sa wanda mota ta buge a kilomita 30 yawanci yakan rayu, wanda ta buge a kilomita 60 zuwa sama kuwa haɗarin mutuwarsa yakan ninka sau da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4.

Dokar zirga-zirga ta Ghana ta 2012, mai lamba L.I. 2180, ta sa kilomita 50 a cikin gari, 90 a manyan hanyoyi, 100 a babbar hanya irin ta Accra zuwa Tema. Ta kuma sa kilomita 30 kusa da makaranta da asibiti da kasuwa da masallaci da coci. Wanda ya san Nima ko Maamobi ko Sabon Zongo ya san cewa da wuya a yi tafiyar minti biyu ba a wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba, don haka a bisa doka kusan duk titunan zango na kilomita 30 ne. Sai dai direba ya fi bin abin da hanya ta nuna masa fiye da abin da allo ya rubuta. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, mai layi uku a kowane hannu, yana kiran gudu ko da an kafa allon 50 a bakinsa. Don haka masu tsara birni suka fi dogara ga abin da ke tilasta rage gudu: matse faɗin layi, ɗaga wurin tsallakawa ya yi tudu, ƙuntata kwana a mahaɗa, da shataletale a inda ya dace.

Inda hukuma ta yi jinkiri, mazauna sukan zuba nasu tudun da ƙasa ko siminti, galibi washegarin wani haɗari. Irin wannan tudu ba shi da ma'auni ko fenti, kuma da daddare yakan kayar da mai babur.

Hanyar N1 da ta Madina

Hanyar George Walker Bush, ɓangaren babbar hanyar ƙasa ta N1 mai tsawon kilomita 14 daga Tetteh Quarshie zuwa Mallam, an buɗe ta a Fabrairun 2012 da tallafin Amurka. Ta rage cunkoso, amma ta raba unguwannin da mutane suka saba ƙetarawa zuwa kasuwa da tasha da makaranta, kuma mahaɗar Lapaz ta yi ƙaurin suna wajen kaɗe mutane. A 2015 Accra ta shiga cikin birane goma da gidauniyar Bloomberg ta zaɓa don aikin kiyaye haɗura, Kumasi ta biyo baya a 2020. Gyaran da aka yi a Lapaz bayan haka ba mai tsada ba ne: an ƙara wa masu tsallakawa lokaci a danja, an gyara wurin tsayawarsu a tsakiyar titi, an sabunta zanen tsallakawa.

Labarin hanyar Madina zuwa Adenta ya fi ɗaci. An faɗaɗa ta, aka bar gadojin sama guda shida na masu tafiya a ƙasa ba a kammala ba tsawon shekaru, mutane na ratsa layukan motoci da ƙafa. A Nuwamban 2018, bayan mota ta kashe wata ɗalibar sakandare, mazauna Adenta suka tare hanyar suka ƙona tayoyi. Gwamnati ta koma kan aikin, aka kammala gadojin a 2019.

Kammala su bai kashe maganar ba. A Madina Zongo Junction da sauran wurare an ci gaba da ganin masu tsallakawa ta ƙasa, har aka kai ga kafa shinge da kama mutane. Akan ɗora laifin kan taurin kai, kuma akwai masu taurin kan. Amma gadar da hawanta da saukarta suka ninka faɗin titin sau da yawa tana neman abu mai yawa daga tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mace mai goyo, da 'yar kayayo, wato mai dako, ɗauke da kwano a ka cikin zafin rana. Masana da dama na ganin gadar sama ta dace ne da hanyar da ba mahaɗa a cikinta, a tsakiyar unguwa kuwa ya fi a rage gudun motocin a bar mutane su tsallaka a ƙasa da danja. Gada tana barin motar da gudunta, shi ya sa duk wanda ya ƙi hawa yake gamuwa da ita a mafi munin hali.

Gefen titi, trotro da babur

A tituna da yawa na Accra ba a bar wa mai ƙafa wuri ba. Inda aka bari kuma, 'yan tireda da masu teburi da motocin da aka ajiye sun cinye shi, ga buɗaɗɗiyar kwata a gefe, sai mutum ya sauka kan kwalta. Korar masu sana'a ba ta cika ɗorewa ba, domin inda jama'a ke wucewa nan ciniki yake. Tsarin da ya ware musu wuri a cikin zanen titin ya fi kama hankali. Haka trotro, ƙaramar motar haya ta cikin gari: muddin ba a yi masa wurin tsayawa a inda fasinja ke taruwa ba, zai tsaya a tsakiyar layi. Fitilun titi da suka mutu su ma suna da hannu, musamman ga masu fita sallar asuba da masu dawowa daga kasuwa bayan magariba.

Dokar 2012 ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma okada ya ci gaba da yaɗuwa, kuma matasan zango da yawa da shi suke ci. Batun halatta shi ya shiga yaƙin neman zaɓen 2020. Hular kwano mai inganci, ɗaurarriya a haɓa, ita ce babbar kariyar mai babur da wanda ya goya.

Hukumomi

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, NRSA, ta samu matsayinta na yanzu da dokar 2019, wadda ta ba ta ikon sa ido da tilastawa fiye da hukumar da ta gada. 'Yan sandan sashen zirga-zirga, MTTD, ke kula da bin doka a titi, hukumar DVLA ke ba da lasisi da duba lafiyar mota, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta BRRI da ke Kumasi kuma ke tattara bayanan haɗura. Manyan hanyoyi irin N1 suna hannun Hukumar Manyan Hanyoyi ta Ghana, titunan cikin gari suna ƙarƙashin Sashen Hanyoyin Birane. Tun da aka rarraba tsohuwar majalisar Accra a 2018, Nima ta koma Ayawaso ta Gabas, Maamobi ta koma Ayawaso ta Arewa. Sakamakon haka, kwamitin unguwa ko na masallaci da ke neman a sa masa wurin tsallakawa sai ya fara gano wace hukuma ce ke da titin, domin majalisar da ta fi kusa da shi sau da yawa ba ta da ikon taɓa babbar hanyar da ta ratsa yankinta.